Sunan da Ke Jikin Kwalba

A birnin Berona, a arewacin ƙasar Italiya, ana cin wata babbar kasuwar baje koli mai suna Vinitaly, wadda aka soma tun shekara ta 1967, yanzu kuwa takan faɗo wajajen watan Afrilu. Hajar da aka fi bajewa a wurin ita ce ruwan inabi. Baƙon da bai saba ba, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne ganin dattawa masu kamala, maza da mata, suna kurɓa suna tofarwa. Mutum zai ɗaga kofin gilashi ya karkata shi a kan farar takarda domin ya ga launi, ya jujjuya shi, ya sa hanci ya shaƙa, sa'an nan ya kurɓi kaɗan ya zagaya da shi cikin baki kamar mai kurkure, ya tofar a cikin wani ɗan bokiti da aka ajiye domin haka. Daga nan sai ya rubuta 'yan kalmomi a littafinsa, ya matsa zuwa kofi na gaba. A yini guda yakan ɗanɗana iri gommai. Da yana haɗiyewa, da kafin rana ta yi tsaka harshensa da hankalinsa sun ajiye aiki. Abin da ya rubuta ɗin nan kuwa ba wasa ba ne, gama da shi 'yan kasuwa daga ƙasashe masu nisa za su yanke shawarar abin da za su saya da kuɗin da za su biya.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa tun da wuri. Ikilisiyoyi da dama a Nijeriya suna koya wa 'ya'yansu ƙauracewa abin sa maye ɗungum, ba kuwa abin da ke cikin wannan shafi da zai rage wa koyarwar nan nauyi. Likitoci ma sun matso kusa da ita: a watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya yi wa jiki illa. Amma ko wanda bai taɓa kai kofin nan bakinsa ba, ba kuma zai kai ba, yana da abin dubawa a teburin mai ɗanɗano. Da wuya a sami wata haja a duniya da mutane suka sha wahalar ɗaura mata suna, da doka da hatimi da kotu, kamar jan ruwan inabin Italiya. Saboda haka a nan ake iya ganin wata tsohuwar tambaya a fili. In mutum ya rubuta suna a jikin abin da yake sayarwa, me ya ɗaukar wa kansa? In kuma mai saye ya sha ya ji daɗi, bai ko gane an sauya masa ba, an cuce shi ko ba a cuce shi ba?

Sai a fara da abin da harshe yake iya ganewa, gama yana gane abu da yawa. Italiya tana da yankuna 20, kowannensu yana noman inabi, irin inabin da aka yi wa rajista a ƙasar kuwa ya wuce 500. A arewa maso yamma, a gindin manyan duwatsun Alps, akwai yankin Fiyamonte, inda ake yin Barolo a ƙauyuka 11 kawai, a kan tuddan da ke kusa da garin Alba. Inabinsa ɗaya ne, sunansa Nebbiolo, wanda ake jin ya samo suna daga kalmarsu ta hazo, domin ba ya nuna sai can cikin watan Oktoba, sa'ad da hazo yake kwana a cikin kwaruruka. Launinsa yakan yaudari ido. Ja ne mai haske-haske, wanda yake komawa kamar jan bulo in ya tsufa, har mutum ya zaci abu ne marar ƙarfi. Da ya shiga baki sai ya kama dasashi da wani bauri irin na goro ko na ɗanyar kanya, ya bar harshe a bushe. Baurin nan daga fatar inabin da ƙwayarsa yake fitowa, shekaru ne kuwa suke lausasa shi. Shi ya sa doka ta ce ba za a sayar da Barolo ba sai ya yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a cikin gangar katako. Masu ɗanɗano suna cewa yana ƙanshin fure da kwalta, haɗin da mai ji zai yi wa dariya, amma sun daɗe suna faɗinsa da baki ɗaya. Ƙwararru a cikinsu har suna rarrabe na ƙauyen La Morra, wanda ya fi laushi, da na Serralunga, wanda ya fi tauri da jinkirin sakin jiki, alhali tsakanin ƙauyukan biyu tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ƙasar da kuringar take tsaye a kai ce ta bambanta.

A gabas, kusa da Berona ɗin nan, mutanen Valpolicella suna bin wata hanya dabam. In sun tsinke inabinsu, wanda mafi yawansa irin Corvina ne, ba sa matse shi nan take. Sukan shimfiɗa shi a ɗakuna masu iska wata uku zuwa huɗu, har ya yanƙwane ya kusa zama zabibi, ya zubar da wajen sulusin nauyinsa. Abin da yake fitowa shi ne Amarone, mai duhu da kauri, wanda barasar cikinsa ba ta kasa kashi 14 cikin 100, sunansa kuwa daga kalmar ɗaci ya fito. A tsakiyar ƙasar, a Toskana, sarauta ta inabin Sangiovese ce. Shi ne jigon Chianti, wanda ake faɗa Kiyanti, mai tsami-tsami da aka yi domin ya raka abinci. Shi kaɗai kuma aka yarda a yi Brunello da shi a garin Montalcino, inda zafi ya ɗan fi yawa, ruwan ya fi nauyi, ba ya kuma fita kasuwa sai ranar 1 ga Janairu ta shekara ta biyar bayan girbi. Can kudu rana ce mai iko. Primitivo na yankin Fuliya yana da taushi da ƙarfi da ɗan zaƙi na 'ya'yan itace da suka nuna sarai. Amma a tsibirin Sisili, a jikin Etna, dutse mai aman wuta, ana noman Nerello Mascalese a kan baƙar ƙasa har wajen mita 1,000 sama da teku, sanyin tudu kuwa ya sa ya fi kama da na arewa fiye da na maƙwabtansa.

Bambancin nan na gaske ne, wanda ya ce duk tatsuniyar masu kuɗi ce bai yi adalci ba. Tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana sayen zuma takan gane mai kyau da ta ɗan lasa, ba kuwa wanda yake ce mata mai ƙarya. Harshe abin horarwa ne. Masanin falsafar nan na Sukotlan, David Hume, a rubutun da ya yi a 1757 a kan ma'aunin ɗanɗano, ya aro wani labari daga tsohon littafin Sifaniya na Don Quixote. An kira mutum biyu su ɗanɗana wata ganga da kowa yake yabo. Ɗaya ya ce yana jin alamar fata a ciki, ɗaya ya ce shi ƙarfe yake ji, aka yi musu dariya. Da aka shanye gangar sai ga tsohon mabuɗi a ƙasanta, da igiyar fata ɗaure a jikinsa. Hume ya kawo labarin domin ya nuna cewa ba kowane baki ne daidai da kowane baki ba, yana kuwa da gaskiya. Sai dai mai karatu ya lura da inda hujjar ta fito: ba a gaskata mutanen nan ba sai da aka ga ƙasan ganga. A kasuwa mai saye ba ya ganin ƙasan ganga.

Duk gwadawar da ake yi tsakanin yanki da yanki tana dogara ga abu guda, watau cewa abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne abin da yake ciki. Mai ɗanɗano ya koyi Barolo ne daga ɗaruruwan kwalabe da aka ce masa Barolo ne. In rabinsu ƙarya ne, to, ƙarya ya haddace, ita kuma zai koya wa na bayansa. Iliminsa duka bashi ne da ya ci daga gaskiyar manoman da bai taɓa gani ba.

Italiyawa sun daɗe da sanin haka. A shekara ta 1716 mai mulkin Toskana, Kosimo na Uku na gidan Medici, ya fitar da shela wadda ta shata iyakar yankuna huɗu, har da Chianti, domin kada a riƙa sayar da ruwan wani wuri da sunansu. Ba a kafa doka a kan laifin da ba wanda yake yi; shelar kanta shaida ce cewa algus ya riga ta zuwa kasuwa. A 1963 ƙasar ta kafa tsarin da ake kira DOC, wanda ya ƙayyade wa kowane suna iyakar ƙasarsa, da irin inabinsa, da yawan amfanin da za a ɗiba a kowace kadada, da tsawon ajiya. A 1980 aka fara ba da wata daraja da ta fi wannan, DOCG, wadda harafinta na ƙarshe yake nufin lamuni. Barolo da Brunello suna cikin na farko da suka samu. Kowace kwalba mai wannan daraja tana ɗauke da siririyar takarda mai lamba a wuyanta, wadda maɗabar gwamnati take bugawa, ba ta kuwa samun ta sai an auna ruwan a ɗakin gwaji, kwamitin masu ɗanɗano kuma ya amince.

Me ya sa ba a bar wa harshe aikin shi kaɗai ba, tun da an ce ƙwararre ne? Domin mashaidi ne mai saurin karɓar magana daga bakin wasu. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bordo ta Faransa, cikinsu har da Frédéric Brochet, suka zuba jan launi marar wari a cikin farin ruwan inabi, suka ba ɗalibai 54 masu koyon wannan sana'a. Ɗaliban suka kwatanta ƙanshinsa da kalmomin da ake kwatanta ja da su. A 2008 waɗansu masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka ba mutane ruwan inabi iri ɗaya sau biyu, aka ce musu ɗaya mai tsada ne ɗaya mai araha, ana kuma duban ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Suka ce mai tsadar ya fi daɗi, sashen ƙwaƙwalwa da yake motsawa in mutum yana jin daɗi kuwa ya goyi bayansu. Watau mutanen ba faɗa kawai suka yi domin a ce sun san abu ba. Farashin ya shiga cikin kofin ya zama ɗanɗano. Wannan ne ya sa masu gaskiya a cikin sana'ar sukan rufe kwalba da jaka kafin su ɗanɗana, domin sun san halin kansu. Suna ma haka yake yi. An daɗe ana ɗaukar Primitivo na Fuliya da Zinfandel na Kalifoniya kamar iri biyu, har gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa inabi ɗaya ne, a 2001 kuma aka gano shi da wani suna na uku a gaɓar tekun Kuroshiya.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya riga ya san wani mai ɗanɗano. A labarin bikin Kana, cikin sura ta 2 ta Bisharar Yohanna, an kai wa uban bikin abin da aka ɗebo daga randunan dutse, ya ɗanɗana, ya gwada shi da wanda aka sha da fari, ya yanke hukunci daidai cewa na bayan ya fi. Har ya nuna ya san dabarar masu biki na zamaninsa, ta fara fito da mai kyau, a bar na baya-baya sai baƙi sun sha harshensu ya dakushe. Amma marubucin ya kula ya ƙara cewa mutumin bai san asalin abin da ya sha ba, sai barorin da suka yi ɗiban. Labarin yana da nufinsa mai girma wanda ya wuce wannan magana nesa, ba a kuwa kawo shi nan domin a sa shi hidimar kasuwa ba. Duk da haka iyakar da ya nuna tana nan har yau. Harshe yana iya cewa wannan ya fi wancan, amma asalin abu yana hannun waɗanda suka yi aikin a bayan gida, inda baƙo ba ya shiga.

A Toskana an yi abu biyu masu kama da juna a ido, tsakaninsu shekara talatin da wani abu, gwada su kuwa yana amsa mafi yawan tambayar. Dokar Chianti ta 1967 ta tilasta wa manoma su haɗa farin inabi, daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100, a cikin jan ruwansu. Al'adar ta samo asali daga Bettino Ricasoli, wanda ya taɓa zama firayim ministan Italiya, ya kuma rubuta nasa haɗin a 1872, ko da yake shi ya ga farin ya dace ne da ruwan da za a sha nan kusa, ba na ajiya ba. Dokar ta mai da shawara wajibi, yawa ya rinjayi kyau, sunan Chianti ya zube. Gidan Antinori, wanda yake da gonaki a tsakiyar yankin, ya ƙi bin ta. Da girbin 1971 ya fitar da wani ruwa mai suna Tignanello, bayan 'yan shekaru kuma ya cire farin inabi daga cikinsa ɗungum, ya haɗa Sangiovese da Cabernet, irin Faransa. Abin lura shi ne abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Tun da abin da ke ciki bai cika sharaɗin Chianti ba, ba a kira shi Chianti ba. An ba shi suna mafi ƙasƙanci a dokar ƙasar, watau ruwan inabin tebur, darajar da ake ba abin da ake sayarwa a manyan kwalabe da araha, aka bar shi ya yi wa kansa magana. Ya kuwa yi, har kuɗinsa ya wuce na masu hatimi. Doka ce ta biyo baya: a 1992 aka buɗe sabuwar daraja mai suna IGT domin irinsa, daga 2006 kuma aka hana farin inabi a cikin Chianti Classico.

Abu na biyu ya faru a 2008. Daidai lokacin kasuwar Berona labari ya bazu cewa mai gabatar da ƙara na birnin Siyena yana binciken waɗansu gidaje a Montalcino, bisa zargin cewa sun zuba wani irin inabi, kamar Merlot, a cikin Brunello na girbin 2003, alhali doka ta ce Sangiovese zalla. Aka tsare miliyoyin lita. Hukumar Amurka mai kula da cinikin barasa ta yi barazanar rufe ƙofa sai an kawo takardar shaida tare da kaya. A ƙarshe aka saki mafi yawa, amma sama da lita miliyan 1 aka tuɓe wa sunan Brunello aka mai da shi ƙaramin suna. A watan Oktoba na shekarar, manoman garin suka jefa ƙuri'a a kan ko a sassauta dokar, wajen kashi 96 cikin 100 suka ce a bar ta yadda take.

Ba wanda ya mutu a wannan al'amari, ba wanda ya yi ko ciwon ciki, hujjar da ake iya kawowa domin kare shi kuwa ba ta da sauƙin turewa. Sangiovese inabi ne mai wuyar sha'ani, launinsa ba duhu, tsaminsa da yawa, kasuwa kuwa a lokacin tana son mai duhu mai taushi. In ɗan Merlot ya sa ruwan ya fi daɗi a bakin mai saye, ina cutar? Mutumin ya biya kuɗi domin ya ji daɗi, ya kuwa ji. Abin da gidan Antinori ya yi aka yaba masa shi ne haɗa Sangiovese da irin Faransa; don me zai zama abin kunya a Montalcino?

Abin da aka zuba a ganga ɗaya ne, ko kusan ɗaya. Abin da aka faɗa wa mai saye ne ya raba su. Na farko ya ajiye hatimi, ya nuna abin da ya yi a fili, ya ɗauki hasarar suna a kansa. Na biyu, duk wanda laifin ya tabbata a kansa, ya riƙe sunan da tsadarsa, ya sauya abin da ke ƙarƙashinsa a ɓoye. Mai sayen Brunello bai biya kuɗin daɗi kaɗai ba, gama daɗi yana samuwa a kwalbar da ba ta kai rabin kuɗin ba. Ya biya domin ya san yadda inabi guda yake fitowa a kan tudu guda a cikin shekara guda, wannan kuwa shi ne abin da aka hana shi. Cewa bai gane ba, ba ta wanke kowa. Wanda aka zare wa kuɗi daga aljihu yana barci an yi masa sata, ko da bai taɓa ƙirgawa ba. Rashin ganewar ma shi ne jarin mai ha'inci. Da ya san za a gane, da bai yi ba. Akwai kuma wanda aka cuta fiye da mai saye, shi ne maƙwabcin da ya bi doka, ya jure ruwansa ya fito da haske da tsami yadda shekara ta kawo shi, ya tsaya a teburi ɗaya ana gwada nasa da wanda aka yi wa kwalliya. Sunan Brunello ba na gida ɗaya ba ne. Rijiya ce ta gari, wadda Ferruccio Biondi-Santi ya fara haƙawa da girbin 1888, gidaje sama da 200 kuwa suna ɗiba daga cikinta. Wanda ya gurɓata ta ya ci ribar shi kaɗai, hasarar kuma aka raba wa kowa.

Wani zai ce wannan duka rigimar masu hannu da shuni ce, talaka ina ruwansa. Amma halin nan na sauya abin da ke ƙarƙashin suna ba ya zama a gidan masu kuɗi kaɗai, in kuwa ya sauko wurin talaka kisa yake yi. A watan Maris na 1986 aka fara kai mutane asibitocin Milan da kewaye, suna amai, idanunsu suna dishi-dishi. Sun sha jan ruwan inabi mai araha da aka sayar a kantuna cikin manyan kwalabe da sunan Barbera, inabin yau da kullum na Fiyamonte. Bincike ya kai ga wani ɗan kasuwa a ƙauyen Narzole, 'yan kilomita kaɗan daga ƙauyen Barolo kansa. Ruwansa ba shi da ƙarfi, sai ya ɗaga shi da metanol, sinadarin masana'antu wanda ake narkar da fenti da shi, domin ya fi barasar sha araha nesa ba kusa ba. Metanol ba ya faɗakar da harshe. A cikin kofi yana kama da ɗan'uwansa. Sai bayan sa'o'i, sau da yawa rabin yini ko yini guda, hanta take mai da shi guba mai cin jijiyar ido, jini ya yi tsami, numfashi ya gagara. Aƙalla mutum 19 suka mutu, waɗansu 15 suka makance. Ƙasashe suka tsare kayan Italiya a kan iyaka, abin da ake fitarwa waje ya faɗi da fiye da sulusi a shekarar, manoma dubbai da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka biya. Kotu ta ɗaure mutumin, iyalan mamatan kuwa suka yi shekaru suna bin diyya.

Waɗanda suka mutu ba masu jujjuya kofi a Berona ba ne. Mutane ne masu ƙaramin ƙarfi da suka sayi abin da aljihunsu ya kai, suka amince da rubutun da ke jiki domin ba su da wata hanyar sani. Nijeriya ma ta ga irin wannan: a 2015 metanol a cikin ogogoro ya kashe mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo cikin watan Afrilu, ya kuma kashe gommai a Jihar Ribas bayan wata biyu. Ba adalci ba ne a ɗora ɗan Merlot da guba a ma'auni ɗaya. Ɗaya ha'inci ne, ɗaya zubar da jini. Amma tunanin da ya buɗe musu ƙofa guda ne, shi ne cewa ba za a gane ba. Annabi Ishaya, sa'ad da yake lissafa lalacewar Urushalima a sura ta farko ta littafinsa, ya ambaci ruwan inabin da aka tsarma da ruwa a jere ɗaya da shugabanni masu karɓar toshiyar baki, da marayu da gwauraye waɗanda ba mai jin ƙararsu. A ido ƙaramin laifi ne da ya ɓace ya shiga cikin manya. Annabin bai gan shi haka ba.

Mai ɗanɗano shi ma yana da nasa kaya. Tun da maganarsa tana ɗaga farashi tana sauke shi, mashaidi ne, abin da ya wajaba a kansa kuwa shi ne ya faɗi abin da harshensa ya samu ya tsaya nan. In ya ga babban suna ya ƙara maki domin kada a ce bai iya ba, shaidar zur ya yi, ko da cikin ladabi ya yi ta. In gidan da yake yi wa hukunci shi ne ya biya masa kuɗin tafiya da masauki, masu karanta shi suna da hakkin su sani.

Doka kanta ba ita ce iyakar maganar ba. Tignanello ya bar dokar Chianti bai yi wa kowa ƙarya ba, ana kuma iya cika kowane sharaɗi na doka amma abin da ke ciki bai kai sunan da aka sa masa ba. Shekara ta 2002 ta zo wa Toskana da ruwan sama mai yawa har lokacin girbi, inabi bai nuna yadda ya kamata ba, wani ma ya ruɓe a jikin kuringa. Doka ba ta hana kowa kiran abin da ya samu Brunello ba, muddin Sangiovese ne daga ƙasar Montalcino, ya yi shekarunsa a ajiye, ya kuma wuce gwaji. Gidan Biondi-Santi ya ɗanɗana nasa, ya ga bai kai ba. Bai fitar da Brunello na wannan shekara ba. Ya zuba ruwan a kwalba da ƙaramin sunan garin, Rosso di Montalcino, wanda kuɗinsa yake ƙasa ƙwarai, ya ja masa jan layi a jikin takarda domin mai saye ya san daga inda ya fito. A 2014, da ruwan sama ya sake ɓata girbi, gidan ya sake yin haka.